Maraƙin da Yaya Noelene Ta Zaɓa wa Kanta

Yayata Noelene Zischke ta yi shekara arba'in tana zaɓar wa mutane maraƙin gasa, amma sau ɗaya tak ta zaɓa wa kanta. Duk gonakin da ke bakin kogin Burnett, da zarar lokacin yaye ya yi, ita ake ɗaukowa a mota a kai garke. Ba ta da yawan magana, ba ta kuma iya yabo ba. Za ta kutsa cikin maruƙa da tsohuwar hularta, ta dafa gadon bayan wannan, ta latsa haƙarƙarin wancan, sai ta ce, "Wannan." Mai shanu ya je ya ciyo shuɗin ƙyallen da ake ba zakaran gasa ya rataye a falonsa, ita kuwa a sallame ta da shayi da biskit. Abin ya daɗe yana ci mini rai, ita ko a jikinta.

Ni ne ƙanenta, Lyle, ni nake jan motar da ke kwasar shanun yankin. Gasarmu hawa biyu ce. Ranar farko a ja dandaƙaƙƙen sa da ragama a zagaya fili, alƙali ya duba shi da ransa. Daga nan ba ya komawa gida. Mayanka nake kai shi, bayan kwana uku a sake duba shi rataye a ƙugiya. Wannan na biyun shi manoma suka ɗauka da gaske.

Shekarar da fari ya shiga ta uku, mijinta ya riga ya rasu, shanunta ɗari da ashirin sun koma ashirin. Wasu ni na kai kasuwa, wasu ita ta harbe da hannunta don sun kasa tashi. Sai ga ɗanta Daryl daga Brisbane da takardun sayar da gona, har ya sama mata ɗaki a gidan tsofaffi na cikin gari.

"Mama, shekararki saba'in da ɗaya fa," in ji shi. "Ranar da saniya ta take ki a bayan tafki, hankaki ne zai fara sani."

"Ai ya fi ka zuwa gaishe ni."

Suka yi ta ja har shayi ya huce. Daga ƙarshe ita ta yanke: za ta shiga gasar bana da nata san. In ya shigo ukun farko a ƙugiya, Daryl ya koma da takardunsa. In bai shigo ba, za ta sa hannu. Ni ne shaida, ban kuwa so ba.

Maruƙa biyar gare ta a wannan shekara. Huɗu suna bin iyayensu. Na biyar maraya ne, baƙi wuluk, uwarsa tana cikin waɗanda ta harbe, da kwalba ta shayar da shi a bakin ƙofar kicin. Muna shiga garke huɗun suka ja baya, shi kuwa ya taho ya cusa hanci a aljihunta.

Na ce, "Yaya, ke da bakinki kike hana mutane ɗaukar ɗan kwalba. Kika ce bai san shi sa ne ba."

"Kawo hannunka nan, sarkin surutu."

Ta ɗora tafina a gadon bayansa. Faɗi kamar tebur, cinya cike har ƙasa. Gaskiya ban taɓa dafa irinsa ba, kuma sauran huɗun fari ya riga ya tsotse su. Na bar ta ta ɗauke shi. Wannan yana cikin abubuwan da nake nadama.

Wata huɗu ta yi tana kiwonsa shi kaɗai a ɗan shinge bayan kicin, don kada sauran su cinye masa hatsi. Ta wanke shi, ta taje shi, ta yi masa hirar da ba ta yi da mutane. Maƙwabta sukan ɗaure nasu da jaki ya ja su har su koyi bin ragama. Nata bai buƙaci jaki ba, ko igiya babu bin ta yake.

A fili ya zo na biyu cikin talatin. Da aka zo lodi sai ya turje a gindin matakalar mota, ƙarti uku suka kasa motsa shi. Yaya ta ce kowa ya matsa. Ta hau gaba ta shige cikin motar, ya bi ta salin alin, ta zame ta ƙaramar ƙofar gefe, na ja ƙyaure. Tun ban tayar da inji ba ya fara kuka.

A mayanka aka zuba shi cikin shanun da bai sani ba. Rabonsa da kwana da ɗan'uwansa sa wata huɗu ke nan. Wannan ya tunkure shi, wancan ya hau shi, ya maƙure a kusurwa yana kallon ƙofa. Na juya mota ban gaya wa kowa ba.

Ran kwana uku aka ba mu fararen riguna muka shiga ɗakin sanyi. Kowane nama an tsaga shi a haƙarƙari don a ga launinsa. Na kowa ja jawur, nata ya yi duhu kamar hanta. Duk wanda ke wurin ya san dalili: idan sa ya daɗe cikin firgici kafin yanka, haka namansa yake komawa, kuma irin wannan fitar da shi ake yi daga gasa. Alƙaliyar, wata yarinya mai kirki, ta nuna mata katin maki a hankali.

"Iya, a tsoka da kitse babu wanda ya kama ƙafarsa. Ba don launin nan ba, da shi ne na ɗaya."

Yaya ba ta kalli katin ba. Ni ta kalla.

"Lyle, ya yi kuka?"

"Ya yi, Yaya."

"Har yaushe?"

"Na baro shi yana yi. Ma'aikatan sun ce ko ruwa bai sha ba."

Daryl yana jira a waje. Da ya ga fuskarta sai jikinsa ya yi sanyi. Ya ce, "Mama, a bar maganar nan. Ki ƙara shekara, mu gani."

"Ba ni biro."

"Mama, don Allah..."

"Na ce ba ni biro, Daryl."

A kan murfin motarsa ta sa hannu, da farar rigar mayanka a jikinta.

Ranar Litinin da hantsi na zo kwasar sauran shanun. Ba ta fito ba. Da na fara kora su matakala suna kuka, sai na ji ta ƙure rediyon kicin har ƙarshe.