Ranar da na ƙi ɗaga wa Baba mai gadi zama

Shekarun baya, masu injinan casar shinkafa da ma'aikatansu a nan Mubi sun kafa wani ɗan kwamiti na sasanta rikicin aiki, suka ɗora ni shugaba saboda na taɓa koyarwa kuma ina da baki. Ni kuwa na ɗauki kujerar kamar an ba ni alƙalin alƙalai. Dokar da na fi ji da ita ita ce ba a ɗage zama sai da dalili bayyananne, wanda zan iya rubutawa. Na ga yadda masu kuɗi ke ta neman ɗagewa har talaka ya gaji ya bar maganar, shi ya sa na rantse ba za a yi haka a gabana ba.

Sai ga ƙarar wani dattijo Bafulatani daga wajen Betso, mai gadi a wani injin. An kore shi bisa zargin ya bar bakin aiki, shi kuma ya ce aikensa aka yi. Ana saura kwana biyu a zauna, mai injin ya aiko wai zai je Yola, a ɗaga masa. Na ce a faɗa masa Yola ba za ta gudu ba. Ranar har wani abokina na kira ina ba shi labari ina dariya.

Ranar zaman, dattijon ya iso a makare a kan tsohon babur ɗinsa, wandonsa jiƙe har gwiwa don mayo, wato rafin hanyarsu, ya kawo ruwa. Bai zauna ba, ya matso kusa da teburina ya rage murya.

"Shugaba, a taimaka a bari sai wani sati. Akwai wani yarinya a gida, ba lafiya."

Na ce, "Baba, yarinyar wa?"

Ya sunkuyar da kai. "Na gidan ne."

"Me ke damunta?"

"Abin mata ne," in ji shi, yana kallon ƙasa.

Mai injin yana gefe yana jin mu, ya harɗe hannu yana jiran ya ga ko zan yi son kai. Sai na ɗaga murya don kowa ya shaida. Na ce na hana mai gida, ba zan ba yaron gida ba, kuma duk wanda ya tashi za a yanke hukunci a bayansa. Dattijon ya nemi benci ya zauna. Aikin nan ne abincin gidansa, ya san in ya fita ya rasa shi ke nan.

Muna cikin sauraron shaidu wayarsa ta yi ƙara sau biyu. A na biyun na harare shi, ya kashe ta ya tura aljihu. Muka yi ta yi har bayan azahar. Gaskiya ta fito, aikensa aka yi, muka ce a mayar da shi aiki. Ban ga ya yi murna ba. Ya ce Allah ya saka, ya fita da sauri, ni kuwa har na ji haushin rashin godiyarsa.

Kwana uku bayan nan wani lebura na injin ya ba ni labari. Yarinyar 'yarsa ce ta fari, ta zo gida haihuwa, naƙuda ta yi tsanani tun asuba. Mijinta yana Kamaru, kuma babur ɗaya ne a gidan, wanda ya hawo zuwa wurinmu. Kafin ya koma ya ɗauko ta, ta cika a hanyar asibiti.

Da na faɗa wa mahaifiyata, ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Kai da aka haifa a garin nan, yaushe ka taɓa jin Bafulatani ya buɗe baki cikin mutane ya ce 'yata ta fari? Ko ni ka taɓa jin na kira sunan yayanka?" Na san al'adar sarai, amma ranar mai injin nake kallo, ban kalli dattijon ba.

Na je ta'aziyya Betso. Ya shimfiɗa mini tabarma da hannunsa, ya sa aka kawo mini ruwa. Da na fara ba shi haƙuri sai ya tare ni.

"Shugaba, ka yi aikinka ne. Kwana ya ƙare."

Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Har yau ban ce dokar ba ta da kyau ba, ta ceci ma'aikata da yawa daga wahala. Amma na yi wa mutum biyu abu iri ɗaya na kira shi adalci, alhali ɗaya tafiya zai fasa, ɗaya kuwa 'yarsa ce a kwance. Da na ja shi waje minti biyu na tambaye shi mu kaɗai, wataƙila da ya faɗa mini. Abin yana ci mini rai har gobe. Aikin da na ƙwato masa kuwa, bai sake taka ƙofar injin ba.