Rigar Kanari da Yayata Ta Ƙi Ɗinkawa

Yayata tela ce, kuma tun da na yi wayo ban san ta da wata sana'a ba. Ita ce babbarmu. Da babanmu ya kwanta ciwo, ita aka cire daga makaranta aka kai ta koyon ɗinki, ni kuma na gama sakandare da gumin ƙafarta a kan keken ɗinki. Ta yi aure, mijin ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyu, ta raine su da wannan baƙin keken dai, wanda sai an ɗiga masa mai yake yarda ya motsa. Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Teburin yanka, benci, madubi mai tsaga a kusurwa, sai labulen da ake ja idan za a auna mace.

Yaya ba ta da surutu, ba ta iya waƙa ba, ba ta taɓa riƙe muƙami a coci ba. Amma idan makonnin jiran Kirsimeti suka shigo, lokacin da kowane tela ke zuba ƙarya da rantsuwa, ita sai ta kashe rediyo. Na taɓa ce mata shagon ya koma kamar gidan makoki. Ta ce, "Ubangiji muke jira. Idan ya yi sallama ina so in ji." Kowace riga ta ɗora a keke, tana yi wa mai ita addu'a har ta kai ƙarshen kalmasa. Kuma ba ta yarda a aiko mata tsohuwar riga a ce ta ɗauki awo a jiki ba. Ko bara ta auna ki, bana sai kin zo da ƙafarki ta sake sa miki tef. Mata suna mita, suna zuwa, domin ɗinkinta ba ya bukatar gyara.

Shekaru da yawa ita ke ɗinka wa mawaƙan zumuntar matan cocinmu rigunan Kirsimeti. A bara ma an kawo yadin, ruwan toka mai sheƙi, ni kuma ina zuwa in taya ta guga idan na taso daga aiki. Ina nan a tsaye da dutsen guga ranar da Kanari ta zo awo.

Kanari robobi take sayarwa a kasuwa, bokiti da kwanduna da kofuna. Saboda muryarta aka sa mata sunan. Ita ke ba da waƙa sauran su amsa, kuma gaskiya idan ta ɗaga murya har maigadin coci yakan bar ƙofa ya leƙo. Ta shigo tana dariya.

"Yaya, bana ki matse mini ƙugu, kada ki sa ni a buhu kamar bara."

"Buhun ne ya ɗauke ki. Shiga ki ɗaga hannu."

Aka ja labule. Na ji an auna kafaɗa, an auna hannu, ana ta wasa. Da tef ya zo ƙirji sai wasa ya tsaya, na ji muryar Yaya.

"Mene ne wannan?"

"Ba komai, Yaya."

"Ba komai ba ya tauri kamar tsakuwa. Tun yaushe?"

"Ya kwana biyu. Ba ya ciwo fa. An yi mini addu'a a kai."

"Wa ya yi?"

"Mama Shugaba da wasu. Sun ce in daure a wuce Kirsimeti, kada in je asibiti yanzu likita ya riƙe ni."

Na ajiye dutsen guga kafin in ƙona rigar mutane. Wato sun sani! Mata manya, masu jikoki, an nuna musu ƙullutu a nonon mace mai 'ya'ya uku, sun ɗora mata hannu, sun ce amin, sannan suka duba ranar waƙa.

Yaya ta yaye labule, ta naɗe tef, ta ce wa Kanari, "Ƙanwata, ba zan yanka rigarki ba sai likita ya duba ki. Na sauran zan ɗinka. Taki tana jiranki."

Washegari Mama Shugaba, shugabar zumuntar matan, ta sauko daga mota da jakarta a hammata. Ko zama ba ta yi ba.

"Maman yara, ɗinki muka kawo miki ko duba marasa lafiya?"

"Ɗinki, Mama."

"To ki yi ɗinki. Maganar nan tana hannun Allah. Ke kin fi mu bangaskiya ne?"

"Ban fi ku ba. Ina yi mata addu'a hannuna ya taɓa abin. Ban iya yin kamar ban ji ba."

Yaya ke nan, murya ƙasa-ƙasa. Ni ba haka aka halicce ni ba. Na ce, "Mama, da a jikin 'yarki ne, ranar waƙa za ki duba ko hanyar asibiti?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke kuma da wa? Ko taron mata ba kya zuwa."

"Shi ya sa har yanzu idona yake gani."

Yaya ta harare ni, amma magana ta riga ta fita. Kafin yamma an aiko an kwashe yadin gaba ɗaya, har wanda aka riga aka zana da alli, aka kai wa wani tela a bayan tasha. Cikin mako magana ta zaga: wai Yaya ta tsufa ta fara gulma, wai tana lalube mata a bayan labule, wai bakinta ba alheri. Matar da ko ni ba ta sake tayar mini da zancen ba! Masu kawo ɗinki suka ragu a watan da tela ke samun na shekara. Mijin Kanari, direban babbar mota, ya tsaya a ƙofar shago ya ce ta fita harkar iyalinsa, wai tana tsorata masa mata.

Ranar Lahadi Fasto ya kunna kyandir, ya yi wa'azi a kan zama a faɗake, ya ce kada shirin biki ya sa mu barci Mai bikin ya zo ya wuce ba mu sani ba. Wa'azi mai kyau, ba ni da ta cewa a kansa, shi ba a gaya masa komai ba. Amma da kun ji amin daga bencin zumunta! Mama Shugaba har da ɗaga hannu, ido a rufe. Kanari tana gaba tana ba da waƙa, ni kuwa ina kallon yadda take kare gefen hagunta da littafi.

Da safiyar Litinin na biyo ta shago na tarar an kulle shi da kwaɗo. Mai fenti ya ce Yaya ta tafi kasuwa. Can na same ta, zaune a kan juyayyen bokiti a rumfar Kanari, da mayafinta da jakarta a cinya.

"Yaya, me kike yi a nan?"

"Rakiya na zo."

Kanari tana jera kofuna, ta ƙi kallonta. "Na ce miki ba inda za ni."

"Na ji. Zan jira."

Ta jira. Ba wa'azi, ba gori. Mai saye ya zo ta miƙa masa kwando. Aka tashi kasuwa ta tafi gida, gari ya waye ta dawo. Ni ina ta tafasa, ina cewa ta bar su da halinsu ta koma ta buɗe shagonta, yunwa ba ta san addu'a ba. Ta ce, "Ke dai je ki wurin aikinki." Ana haka, wata safiya Kanari ta zauna a ƙasa tsakanin robobinta ta fashe da kuka.

"Yaya, ba waƙar ba ce. Tsoro nake ji. Uwata da ƙafarta ta shiga asibiti, gawarta aka ɗauko."

"Na sani. Ni ma ina jin tsoron. Tashi mu je da shi."

Suka je. Aka yi hoto, aka ɗebi nama aka gwada. Ciwon daji ne. Likita ya ce ba abin jira ba ne, aka ba ta gado, aka cire nonon ana saura kaɗan Kirsimeti. Mijin ya zo ya tsaya a bakin gado yana murza hula, ko ido bai iya haɗawa da Yaya ba.

Ranar Kirsimeti wata ce ta ba da waƙa, ta ɗauko ta daga sama ta kasa saukowa. Rigunan telan tasha kuwa, wata hannu ya yi tsawo, wata zif ya buɗe tun kafin a zauna. Ina fita Mama Shugaba ta tare ni a ƙofa, ta ce, "Kin ga abin da taurin kan yayarki ya jawo? Da an bari kwana kaɗan, da an yi biki lafiya."

Na ce, "Da an yi, Mama. Da kuma kun sami wadda za ku yi wa waƙar jana'iza da rigunanku masu sheƙi." Na wuce. Har yau ba ta gaishe ni, ni ma ban mutu ba.

Daga nan asibiti na nufa. Yaya tana gefen gado tana ba Kanari ruwa da cokali, ta ɗinko mata riga mai maɓalli a gaba, saboda hannun ba ya ɗaguwa tukuna. Kanari ta dubi ƙirjinta, ta ce da dasasshiyar murya, "Yaya, yanzu kin huta, yadin gefe ɗaya ya ragu."

"Rufe mini baki ki sha ruwa."

Kanari tana nan da ranta, tana karɓar magani, gashinta ya zube, 'ya'yanta suna da uwa. Zumunta kuwa bana ma bayan tasha suka kai yadinsu.