Igiya Mai Ƙulli Goma Sha Ɗaya

Mun tashi da asuba ranar Talata, ana sallame salla, daga zauren Malam a cikin birnin Sakkwato. Mu uku ne: ni, da ƙanin Malam, da mai jakin da muka ɗauka. Malam kansa yana kwance cikin gida, idonsa ya tafi, jikinsa ya yi nauyi.

Ga dalilin tafiyar. Shekarun baya Malam ya haɗa kundi a kan garuruwa da tsoffin wurare, ni kuma na juya shi sau huɗu da hannuna. A ciki ya rubuta cewa arewa da gulbi, tafiyar kwana biyu, akwai tuddai bakwai, kusheyin sarakunan dā. Sai wani manomi daga can ya ji ana karantawa, ya ce sun fi bakwai. Tun ranar Malam bai samu natsuwa ba. Ya ce mini, "Na rubuta abin da ban gani ba, kuma za a tambaye ni. Tafi ka gano mini kafin in cika."

Mun fita ta Ƙofar Kware, hantsi ya same mu a bakin gulbin Rima. Mu muka shiga jirgi lami lafiya. Jakin ne ya tsaya shawara, sai da mutum huɗu suka tura shi. A ƙetare ana yankan shinkafa, hanya duk laka. Da azahar matan Fulani suka sayar mana da fura da nono mai kauri, da araha, don kaka ce. Mun kwana a wani ƙauye inda aka ba mu tuwon shinkafa da miyar busasshen kifi, aka ƙi karɓar komai. Allah ya saka musu.

Ranar Laraba da la'asar muka iso. Tuddan suna tsakiyar gonakin gero, wasu sun fi ɗaki tsawo, wasu sun kwanta har ciyawa ta rufe su. Wani tsoho maƙeri, wanda shi ne babba a ƙauyen, ya rako mu. Ni mutum ne mai son yin abu bi da bi, don haka na tsaya, na miƙa yatsa, na ce ɗaya, biyu. Kafin in ce uku tsohon ya cafke mini hannu.

"Mi kaka yi haka, Malam? Ba a nuna kushewa da yatsa nan!"

Na ce, "Baba, to yaya kuka san bakwai ne?"

Ya yi dariya. "Wa ya ƙirga? Baƙo ya tambaya, mu ce bakwai, shi tahi abinai."

Nan na gane inda kuskuren Malam ya fito. Ba wanda ya yi masa ƙarya da gangan. Mutanen ba su ƙirga matattu, shi ke nan.

Na ji kunya, na ba shi haƙuri, sannan na gaya masa halin da Malam yake ciki. Sai ya kwance igiyar da ke wuyan jakinmu, ya ce in bi shi, kaina a sunkuye, duk gindin tudun da muka tsaya in yi ƙulli ɗaya, ba magana. Haka muka yi har rana ta yi ja. A wuri biyu ya tona ƙasa da ƙafa, ya nuna mini baƙin dutse mai ramuka. Ya ce waɗannan biyu ba kusheyi ba ne, kashin tama ne da kakanninsa suka tara wajen narka ƙarfe. Na yi wa kowannensu ƙulli mai kauri don in bambanta su. Sauran tara kuwa, inda ruwa ya zaizaye ana ganin tukwane da ƙasusuwa, kuma kowace shekara bayan damina mutanen ƙauyen suna mayar da ƙasa su rufe. Na tambaye shi ko sarakuna ne. Ya ce, "Allah shi ya sani. Mun iske su nan."

Ranar Juma'a bayan la'asar muka shigo gida. Abu na farko da na tambaya a ƙofa shi ne ko Malam yana nan. Yana nan, alhamdu lillahi. Na durƙusa, na ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da na gani," na sa masa igiyar a hannu, na ba shi labarin duk abin da tsohon maƙerin ya faɗa. Ya bi ta da yatsunsa, ƙulli bayan ƙulli, har ƙarshe, ya sake komawa farko. Ya ce in kankare bakwai, in rubuta tara, in kankare sarakuna, in rubuta ba a san ko su wane ne ba. Sannan ya nemi kunu, abin da ya yi kwanaki yana ƙi.

Abin da na koya shi ne in tambayi mai ba da labari yadda ya sani, kafin in tsoma alƙalami. Na gode wa Allah, na gode wa tsohon nan da ya riƙe mini hannu.

Kundi uku na gyara. Na huɗun wani falke ya tafi da shi gabas, ban san inda ya sauke shi ba. Kai mai karanta wannan, in ya faɗo hannunka, ka buɗe wajen maganar tuddai, ka gyara a gefen takarda yadda na faɗa, kuma ka yi wa Malam addu'a.