Shaida Na Uku

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, babban ɗanka ya bugo mini waya a ofis ya ce Allah ya yi maka rasuwa. Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na ajiye wayar, sai na samu kaina ina duban kantar da fayil ɗinka yake. Baba Kofur, shekara ashirin da biyu ka yi kana hawa matakalar ofishinmu, kuma ko sau ɗaya ba don kanka ba.

Ni ne akawun ofishin lambobin yabo na soja, kuma ni ke riƙe da takardun lambar jarumta, wadda babu ta sama da ita. Abin ba shi da wani ƙyalli, guntun tagulla ne da zare baƙi, sai sunan mai ita a baya. Amma duk wanda ya rataya ta, ko kurtu ne, janar ne zai fara sara masa. Idan mai ita ya mutu a fagen fama, akan ba magajinsa, shi kuma ya maƙala ta a dama, don hagu na wanda ya yi aikin ne. Tun da wani hafsa ya taɓa rubuta wa kansa jarumtar da bai yi ba, aka kafa ƙa'ida: sai mutum uku da suka gani da idonsu sun rantse, kuma dukansu suna raye lokacin rantsuwar.

Kai don direbanku kake nema. Ka ba ni labarin ya fi a ƙirga, kuma ba ka taɓa ƙara masa gishiri ba. Sau uku ya tsallake gada da motar masu rauni ana ruwan harsashi, a na huɗu bai dawo ba. Kana bayan motar a sawu na biyu, da harsashi a cinya. Ya bar 'ya guda a goye, wadda yanzu ita ma tana da jikoki. Kai shaida ne, likitan rundunarku shaida ne, na ukun ne ya gagara.

Duk zuwan da za ka yi, amsata ɗaya ce, har ka raɗa mini suna Malam Sai-Uku. Ba ka taɓa ɗaga mini murya ba. Kakan zauna a bencin bakin ƙofa ka miƙe ƙafar nan, ka tambayi lafiyar iyalina ɗaya bayan ɗaya. Shekarar da mahaifiyata ta kwanta a asibiti, kai ka zo ka ba da jini, ka tafi ba ka tayar da maganar fayil ba.

Wata rana wani tsohon soja ya biyo ka ya ce shi ma ya gani, zai rantse. Ni kam har na jawo takarda, don na gaji da ba ka haƙuri. Sai ka tambaye shi ta wane gefen gadar motar ta tsaya. Ya ce dama. Ka ce, “Ɗan'uwa, na gode, amma ba ka wurin.” Da ya fita na ce maka ka yi wauta. Ka ce direban bai yi ƙarya da ransa ba, kai ba za ka yi masa da bakinka ba.

Bara ka gano kukun rundunar a wani gari mai nisa, yana sayar da itace. Ashe ranar yana kan tudu da tukwanensa, komai a idonsa aka yi. Kwamitin lambar sau ɗaya yake zama a shekara, aka sa muku ranar uku ga Yuni. Ka ba da tsohon kakinka aka buɗa shi, don ciki ya ƙaru.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ƙa'ida ta yarda idan shaida ya kwanta ciwo, akawu ya je ya karɓi rantsuwarsa a gado. Da na ji kana asibiti na buga takardar, na kira ka na ce ina tafe. Ka yi dariya ka ce, “Haba Malam, bayan shekara ashirin da biyu, a kwance zan yi? Da ƙafata zan zo.” Na san shekarunka, na san aikina. Kamata ya yi in ƙi saurarenka kamar yadda na saba. Sau ɗayan da na biye maka ke nan, kuma kwana biyar bayan haka ka tafi. Ina jin kunyar wannan, kuma ban ga ranar da za ta sake ni ba.

Allah ya jiƙanka, Baba Kofur, ya yafe kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya karɓi shaidarka a inda ba a neman ta biyu. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka da 'ya'yanka shida da jikoki, da likita da kuku, Allah ya ba su haƙuri.

'Yar direban ce kaɗai ban iya yi wa gaisuwa yadda ya kamata ba. A wurin zaman makoki ta matso kusa da ni, ta rage murya ta ce, “Malam, ai Baba ya riga ya sa hannu, ko?” Takardar tana aljihuna, da sunanka a buge, layin ƙasa babu komai. Na ce mata a'a.