Turmin Jikin Katanga

Dim, dim, dim. Da wannan ƙarar nake farkawa a gidanmu na Filingue, tun zakara bai gama shawara da kansa ba. Kakata ce mai dakan, mahaifiyar babana. Turminta yana manne da katangar da ta raba mu da gidan ladanin unguwa, kuma ban taɓa ganin an gusa da shi ba. Takan yi ta daka har sai kiran sallar asuba ya tashi, sannan ta jingine taɓarya, ta durƙusa bisa tabarma ta fara tata addu'ar.

Kirista ce, a garin da mu Kiristoci ba mu cika inuwar itacen bedi ɗaya ba. A wani ƙauyen ƙasar Kurfey aka haife ta, cikin gidan da ake bori. Ta karɓi bangaskiya tana amarya, ta riƙe ta har ta binne miji, ta aurar da ƴaƴa, ta goyi jikoki. Ba wanda ya san shekarunta. In an tambaye ta, takan ce ta girmi hanyar Yamai. Ran Lahadi, mutane na gangarawa kasuwa da awaki da buhunan hatsi, ita tana dogara sanda zuwa majami'a, tana tsayawa gaisuwa da kowa har ta makara.

Ni kuwa ƴar lakwal ce, wato ƴar boko, mai yawan kallon sama. Ina rubuta wa farin wata waƙa, tuwo yana ƙonewa a gabana. Saboda haka take kira na Madam.

Wata asuba, ina hutun lise, makarantarmu ta sakandare, na leƙa cikin turmin na ga wayam. Ko ƙwayar hatsi babu. Na ce a raina, ashe shekara da shekaru tsohuwar nan tana dakan turmi babu komai don ta nuna wa Ubangiji ta amince zai cika shi! Ban tambaye ta ba. A lokacin ina ganin tambaya aikin waɗanda ba su da basira ne.

Na tsara doguwar waƙa a kan turmin bangaskiya, na karanta ta ran Nowel, bikin haihuwar Yesu, a gaban jama'a. Matar fasto ta share hawaye. Kaka ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta suna rawa, na ce kuka take yi. Muna hanyar gida ta ce, "Madam, turmin nan da kika yi wa kirari, na wa ne?"

"Naki ne mana, Kaka."

"To. Allah shi ƙara ilimi."

Da damina ta kama, masassara ta kwantar da ita. Ko ludayi ba ta iya riƙewa, balle taɓarya. Ta ƙi shan maganin likita sai an kira ni.

"Gobe da asuba ke za ki daka mini," in ji ta. "Kar ki aje sai kin ji kiran salla."

"Mi zan daka, Kaka?"

"Abin da kika gaya wa mutane ina dakawa."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta riƙe wuyan hannuna da yatsunta masu zafi har sai da na ce na yi alkawari. Sannan ta sha maganin.

Ranar farko na yi yadda aka ce. Taɓaryar ta kusa tafiya da ni, tafin hannuna ya yi bororo, daga ɗaki kuma ina jin muryarta: "Da ƙarfi! Ƙwai kike dakawa?" Rana ta biyu ce basirata ta motsa. Na ga bai dace aikin ibada irin wannan a yi shi a lungu kusa da akurkin kaji ba. Na mirgina turmin zuwa tsakar gida, inda ake ganin Gamzaki sosai. Na kuma ninke tsohon zane na saka a ciki, don kada ƙara ta hana mara lafiya barci.

Na yi ta daka a hankali, ina kallon tauraro, ina jin kaina kamar wata waliyiya. Gabas ta yi fari. Kaji suka fito. Ba kiran salla. Na ce ikon Allah, yau har masallaci ya yi shiru don kakata! Na fara haɗa baitin farko a kaina.

Can sai ga muryar wani, ba ta ladan ba, tana kiran salla cikin gaggawa kamar ana bin sa. Na juya na ga Kaka a bakin ƙofa, da rarrafe ta fito. Ta dubi gurbin turmin a jikin katanga, ta dube ni. Ban taɓa ganin kunya a fuskarta ba sai ranar.

"Maida shi," in ji ta. "Ciro tsumman nan."

Na maida shi jikin katanga. Addu'arta ta yi tsawo a safiyar nan, ina jin ta tana roƙon gafara, ni kuwa ina mamakin wane zunubi mai kwance zai iya yi. Da hantsi ta sa aka dama hura, ta ce in kai gidan ladan, in ce tana gaisuwa, a yi haƙuri.

Na iske tsohon zaune a zaure, ya sunkuyar da kai. Sai da na ɗaga murya ya ji saƙon. Ya dube ni ya yi murmushi. "Ashe ke ce mai sabon hannu?" Na yi ƙasa da kai cikin jin daɗi. Na ɗauka labarin waƙata ne ya kai masa.

Daga ranar na riƙa daka da iyakar ƙarfina, ƙasar katanga tana zubo mini a ka, har Kaka ta miƙe ta karɓi taɓaryarta. Ta ƙara shekaru tana yi. Ni na tafi Yamai karatu, ita ta rasu cikin barcinta wata rana bayan ta dawo daga majami'a, ladan ma ya bi bayanta.

An daɗe bayan haka na haɗu da ɗiyar ladanin cikin motar Filingue, hira ta kawo mu kan tsofaffinmu. Ita ta gaya mini. Babanta nauyin barci gare shi tun yana saurayi, daga baya kunne ma ya mutu. Mahaifiyarta ce ke tashe shi kullum, kuma aminiyar Kaka ce. Da ta ga ba za ta tashi daga ciwonta ba, sai ta bar wa Kaka amanar asubar unguwa. Mace ba ta shiga ɗakin mijin wata da duhu, shi ya sa aka kai turmi can. Gadonsa yana jikin katangar ta ɗaya gefen, kuma girgizarta ce ke tashe shi.