Takardun Ayuba a Hular Kaka

Duk wanda ya taɓa zama a zauren kakana Malam Tanko a Maska ya san ba a ba shi labari daga tsakiya. Ka shigo da gudu ka ce, "Malam, akuya ta faɗa rijiya!" sai ya ɗaga maka hannu. "Tsaya tukuna. Wa ya riga wa zuwa gidan, akuyar ko rijiyar?" Kafin ka gama ba shi amsa, wasu sun ciro ta har ta bushe.

Wata shekara ya bi fatake zuwa Kano da jakinsa ɗauke da saƙi. Ya dawo a ƙafa, ba jaki, sai littafi a hammata. Wai wani Balarabe ya yi musaya da shi. Attaura ce da Zabura da Linjila a haɗe, da Larabci, baƙaƙen ƙanana kamar tururuwa. Kakata Iya ta leƙa bayansa.

"Malam, ina jakin?"

"Ga shi nan," ya nuna littafin.

"To, Allah ya sa ya iya ɗauko dawa daga gona."

Kun san littattafanmu takarda-takarda suke a cikin gafaka. Wannan kuwa an ɗinke shi tam. Wata uku Kaka yana karatu, ran nan sai muka ji ihunsa.

"Kai! Wannan mai ɗinki bai san tsari ba! An binne Annabi Dawuda a nan, can gaba kuma ga shi yana yabon Ubangiji. Sarki ya mutu ya ruɓe, sannan a kawo annabin da ya yi masa wa'azi!"

Ya aika aka aro askar wanzami, ya farke ɗinkin kaf. Ya baza takardun a tabarma, kowane zamani da tarinsa, kowane tari da dutse a kai. Liman ya shigo ya rasa inda zai taka.

"Malam Tanko, Alƙur'ani bai ishe ka ba ne?"

"Ya ishe ni har kabari, Liman. Wannan zumunci nake yi. So nake in san wa ya haifi wa."

Kuma ba ya wuce abu sai ya gane yadda mutanen suka yi zamansu. Da ya karanta cewa Fir'auna ya hana Bani Isra'ila ciyawar kwaɓa tubali, sai ya ce sai ya gwada. Katangar bayan gidanmu ta tsage, ya hana magina zuba ciyawa a laka. Suka roƙe shi, ya ƙi. Ruwan farko katanga ta kwanta, awakin maƙwabta suka shigo har madafa. Iya ta kama haɓa tana salati. Shi kuwa ya tsaya a kan ɓaraguzai yana kaɗa kai cike da gamsuwa.

"Lallai Fir'auna mugu ne. Yau na tabbatar."

Mutum ɗaya ya gagare shi, Annabi Ayuba. Labarinsa bai ambaci sarkin zamaninsa ba, Kaka ya rasa tarin da zai sa shi. Sai ya naɗe takardunsa ya cusa a hula. Mutane suna zaton laya ce. "Baƙo ne," in ji shi, "ban samo masa masauki ba tukuna." Sau da yawa na ji yana cewa ba ya so ya mutu ya bar Ayuba a waje.

Da idonsa ya yi rauni, ni ce idonsa. In na dawo makaranta da hantsi na jingine allona, sai in zauna ina haɗa masa baƙi, shi yana fassarawa da Hausa. A haka muka bi Ayuba sau huɗu. A na ukun na lura da wani abu. Dukiyarsa raƙuma ce da tumaki da shanu. Shi da kansa yake yi wa 'ya'yansa yanka, babu liman, babu ɗakin ibada. Abokansa uku, duk surutunsu, ko sau ɗaya ba su ambaci Annabi Musa ba. Ga tsawon rai irin na mutanen farko. Zamansa sak na Annabi Ibrahim.

Na kwana biyu ina gyara maganar a bakina. Ran nan na ce, "Kaka."

"Na'am, amarya?"

Tsofaffi biyar ne a zauren, duk suka juyo. Sai na sauya maganar.

"Iya ta ce a kawo fura?"

"Kun ga amaryar kirki! Ita dai cikina ta sani."

Aka yi dariya, na fita da gudu. Na ce a raina bari damina ta faɗi, maza su tafi gona, zaure ya zama namu mu biyu. Zazzaɓin kwana uku ya ɗauke Kaka tun ba a yi shuka ba.

Masu wanka suka miƙo wa Iya hular. Ta zaro takardun, duk sun yi laushi da gumi, ta sa mini a hannu.

"Ke kika san inda suke zama."

Na ɗaga dutsen da ke kan tarin Annabi Ibrahim, na sa su, na mayar. Ban sani ba ko daidai ne. Da na buɗe baki ran nan, da ya yi mini musu kwana bakwai, ya kira Liman shaida, wataƙila ma ya cire hular ya sha iska.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe masa, ya yafe mini shiruna. Allah ya sada shi da Annabi Ayuba, ya tambaye shi da bakinsa. Amin.