Zaren da Nake Auna Kafaɗar Gwaggo Mansura da Shi

Ina 'yar shekara bakwai na fara jin sunanta, kaina yana tsakanin gwiwoyin Innata ana yi mini kitson Sallah a gidanmu na Badariya. Inna tana da nauyin hannu. Ta ja, na ƙwala ihu, ta dungure mini kai ta ce, "Ke, yi shiru! Ni ba Mansura ta Argungu ba ce." Na daɗe ina zaton wata mata ce ta cikin tatsuniya. Sai da na yi wayo na gane 'yar ƙanen kakana ce, wato gwaggona, kuma har yau ana kai mata amare daga Augie da ƙauyukan bakin gulbi.

Tun tana shekara goma sha biyu take kitso. Abin da aka san ta da shi kuwa shi ne sanyin hannu: yarinya takan yi barci a cinyarta, ta farka ta tarar da shuku a kanta. Mijinta, Malam Atiku, manomin albasa ne da shinkafa, mutum marar yawan magana. Ita ce mai surutun gidan, kuma ta ishe su.

Bayan haihuwarta ta uku wani ƙulli ya fito mata a bayan kafaɗar dama. Ba ya ciwo sosai, sai tauri. Aka shafa abin da aka shafa, bai sauka ba. Da ya kai girman ƙwan kaza, Babana ya sa aka kawo ta asibiti nan Birnin Kebbi aka yi mata tiyata. Likita ya kira maza biyun, Babana da Malam Atiku, ya gaya musu cewa irin wannan ƙarin yakan dawo. Suka fito suka tsaya gindin bishiya, suka yanke shawarar kada a tayar mata da hankali. Suka ce mata an cire, ya ƙare. Ta koma gida ta soya waina ta raba wa unguwa sadaka.

Shekara biyu ya dawo, ya fi na farko. A tiyata ta biyu sai da aka yanke tsoka mai yawa, daga nan hannun bai ƙara ɗaguwa sama da kafaɗa ba. A gadon asibitin ne ta ji cewa tun farko an faɗa. Inna ta ce ranar Gwaggo ta kalli Babana ta ce, "Yaya Sani, ashe kun sani kunka bar ni ina rabon waina? To ku biyu za ku soya mani wata." Aka yi dariya, amma ta yi wata guda ba ta tanka wa mijinta sai gaisuwa.

Ba ta daina kitso ba. Ta kifa turmi ta hau, wadda za a yi wa kitso ta zauna ƙasa a tabarma, kai ya zo mata daidai gwiwa. Tana cewa ciwon ya ƙara mata girma, don yanzu ko matar hakimi a ƙasa take zama.

Shekarar da na gama sakandare ya sake fitowa a gefen tabon. Wannan karon ta ce ba namijin da zai shiga da ita wurin likita. Ta nuna ni. "Munira za ta shiga. Ita ba ta iya ƙarya ba, fuskarta na tona ta."

Likitar da muka samu mace ce, Dakta Omolola, mai Hausa tamkar a Kebbi aka haife ta. Ta duba hoton da aka ɗauka, ta rubuta mini dogon sunan ciwon a takarda, sannan ta juya ga Gwaggo. Ta ce ba ciwon daji ba ne mai bin jini ya tafi huhu ko hanta. A inda yake yake zama, amma yana sa jijiya cikin tsoka, kamar ciyawar aya-aya a fadama, shi ya sa da wuya wuƙa ta kwashe shi duka. Ta ce na yanzu yana kusa da jijiyar da ke motsa yatsu. In an sake yanka, zai iya sake dawowa, kuma yatsun za su iya mutuwa.

Gwaggo ta buɗe tafin hannunta ta dube shi. "To mi za a yi, Likita?"

"Mu sa masa ido, Hajiya. Wani yakan tsaya da kansa, wani har ya ja baya. Kina zuwa ana ɗaukar hoto. In ya yi saurin girma ko ciwo ya tsananta, akwai magunguna da za mu gwada kafin a yi maganar wuƙa. Amma kada a ɓoye mini komai."

"Ni ma haka nake hwaɗa masu," in ji Gwaggo.

Tsakanin hoto da hoto watanni ne, Gwaggo kuwa ba ta iya ganin bayan kafaɗarta. Ita ce ta kawo dabarar zare. Duk farkon wata nakan hau mota zuwa Argungu. Mu shiga ɗaki, ta sauke zane, in ɗora baƙin zaren kitso daga wannan gefen ƙullin zuwa wancan, in yanke. Sai mu jera shi da na watan jiya a kan farin faranti. Tsofaffin tana adana su a cikin gwangwanin man shafawa.

Wata uku zare yana zuwa daidai. A na huɗu, ina ɗorawa na ga ya zarce. Kaɗan ne, tsawon ƙwayar shinkafa biyu. A tsakar gida kuwa ga amarya da ƙawayenta suna jira, Gwaggo tun safe take raha. Na dubi yatsunta, na tuna abin da likita ta ce. Sai na matsa da yatsana ciki kaɗan, na ja zaren, na yanke. Muka jera a faranti, ya yi daidai.

Ba ta ko kalli farantin ba.

"Sake," ta ce.

"Gwaggo, ai ga shi nan."

"Ɗiyata, shekara talatin ina jan zare bisa kan mutane. Yatsanki bai sauka inda ya saba sauka ba. Jinin Yaya Sani ne ya motsa? Sake."

Na sake, ina hawaye. Ta ɗauki sabon zaren ta gwada da na watan jiya, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗaura zanenta ta fita ta yi wa amarya kalaba mai kyau, ana ta shewa. Washegari muka zo Birnin Kebbi. Hoto ya nuna ya ƙaru kaɗan. Dakta Omolola ta ce mun yi daidai da muka zo, ta matso da ranar hoto na gaba, ta ce a ƙara jira.

Daga wannan watan bai sake motsi ba. Yau shekara uku ke nan. Bara ma zaren ya ragu da ɗan abin da sai ka ƙura ido. Likita ba ta ce an rabu ba, Gwaggo ma ba ta soya waina ba. Ƙullin yana nan, in ta daɗe a zaune yakan yi mata tsami, sai ta miƙe ta zaga ta tsokani Malam Atiku ta dawo. Shi ne ya sassaƙa mata kujera mai tsayi da abin jingina, aka mayar da turmi wurin daka. Yatsunta goma suna aiki. Ita ta yi mini kitso ranar sunan ɗan yayata, kuma na yi barci a cinyarta kamar yadda ake faɗa.

Na rubuta wannan ne don ƙannena su san abin da ke cikin gwangwanin nan, kada wata rana wani ya buɗe ya ga guntayen zare ya zubar. Jibi wata zai kama, zan tafi. Duk sanda na ɗora zaren nakan tuna abin da ta ce mini a wancan yammacin, bayan amarya ta tafi, tana wanke hannu a bakin randa:

"Munira, idanuna ba su kai baya ba, naki na ara. In ya ƙaru, ko da ƙwayar shinkahwa guda ne, ki hwaɗa mani da bakinki tun ban tambaya ba."